Majigin ido da ɗorin gani: mu tsaida suna tun kayan ba su cika kasuwa ba

Salamu alaikum ƴan uwa. Yau da neman taimako na zo kan sunan Hausa da za mu raɗa wa sababbin tabarau masu na'ura a ciki, musamman wurin malaman Hausa, da ma'aikatan rediyo, da ƴan uwana masu gyaran salula a nan Maraɗi.

Makon jiya wani Alhaji abokin mahaifina, cikin masu zuwa Chana sarin kaya, ya tsaya rumfata kusa da babbar kasuwa ya miƙo mini wani ɗan gidan tabarau. Ya ce, "Ɗana, duba mini wanga, ya ƙi ɗaukar caji." Na buɗe na ga tabarau baƙi, ƙafafunsa sun ɗan fi na kullum kauri. Na ce, "Baba, mi ake ce mishi?" Ya ce can inda ya saya simat gilas suke cewa. Yaronsa da ya yi lakkwal ya ce a'a, linet konekte ne. Maƙwabcina mai saida caja ya leƙo ya ce ai wannan shi ne riyalite ogmante ɗin da ake faɗi. Mu huɗu a tsaye, duk Hausawa, suna uku, babu na Hausa ko ɗaya.

Da na samu ya kama wuta na sa shi a fuska. Sai ga koren rubutu yana reto a gabana, kamar taku biyu daga inda nake zaune: lokaci, da sauran cajin batir. Ta cikin rubutun ina ganin mai shayi yana fifita gawayi. Na juya wajen titi, rubutun ya biyo ni ya hau kan masu kabu-kabu. Na cire na ɗaga gilashin sama wajen haske, na ga wani ɗan fili mai kusurwa huɗu cikinsa yana walƙiya launi-launi, kamar man mota a kan ruwa. Ku riƙe waɗannan biyun, rubutun da ya biyo ni da ɗan filin nan, don a kansu maganar suna za ta tsaya.

Abin da ya sa nake gaggawa, kalmar da ta riga shiga baki ba ta fita. Mun ce kuran, mun ce rezo, mun ce salula, sun zauna daram, kuma ban ga laifinsu ba. To amma duk sa'adda aka zauna aka yi tunani, sai a samu abin da ya fi aro daɗi: jirgi mai saukar ungulu, tauraron ɗan'adam, yanar gizo, wayar tafi-da-gidanka. Kuma tun da aka ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar a 2025, wannan aiki ya hau kanmu, ba mu da wanda za mu jira.

Kafin a raɗa wa jariri suna ana duba namiji ne ko mace. Abin da ake kira da suna ɗaya a kasuwa, iri uku ne.

Akwai wanda ba ya nuna maka komai. Kyamara ce da makirfo da ƴan lasifika a ƙafafunsa, kamar Ray-Ban Meta da ya fito a 2023. Ka ɗau hoto, ka amsa kira, ka yi masa tambaya ya ba ka amsa a kunne. Wannan bai wahal da ni ba, tabarau mai kyamara ya ishe shi.

Akwai mai nuna rubutu ko hoto a gefen ganinka, irin na Alhaji. Google Glass da aka fara sayarwa a 2013 kan dalar Amurka 1,500 haka yake, da ɗan gilashinsa a saman idon dama. Meta Ray-Ban Display na 2025 ma haka, allonsa a gilashin dama, kuɗinsa 799 lokacin da ya fito, wato ya haura jikka 400 a kuɗinmu. Na ce dalar Amurka don kada wani ya lissafa da dalarmu ta sefa biyar.

Sai na uku, wanda shi ne ainihin abin da ake wa laƙabi da haruffan AR, wato riyalite ogmante ɗin da maƙwabcina ya faɗa. Shi hoton ba ya bin kanka, abin da ke gabanka yake bi. In ya ɗora kibiya a kan wani kusa a injin, ko ka juya, ko ka sunkuya, ko ka zagaya ta baya, kibiyar tana nan kan kusan. HoloLens na Microsoft da ya fito a 2016 irinsa ne, da Orion wanda kamfanin Meta ya nuna a 2024 amma bai kai shi kasuwa ba. Wani masani, Ronald Azuma, ya kafa masa sharuɗɗa uku tun 1997: ya haɗa na zahiri da na na'ura, ya amsa motsinka nan take, kuma hoton ya zauna daidai gurbinsa ta tsawo da faɗi da zurfi. Sunan kansa a masana'antar jiragen sama ta Boeing aka ƙirƙiro shi wajen 1990, inda wani mai bincike, Tom Caudell, ke neman hanyar nuna wa ma'aikata inda kowace waya za ta bi ba tare da sun riƙa duba zane ba. Mu masu gyara wannan ya shafe mu, don abin daga wurin masu haɗa wayoyi ya samo suna.

Yadda hoton ke zuwa ido ya fi komai burge ni. A cikin ƙafar tabaran ko kusurwarsa akwai ɗan mitsitsin majigi. Yana harba haske cikin naman gilashin ta gefe. Hasken ba ya fita, sai ya riƙa dukan fuskar gilashin ta ciki da ta waje yana tafiya, kamar ruwa a magudanar fadamar Jiratawa, har ya iso wurin da aka yi wa wasu ƙananan zane-zane da ido ba ya gani, su karkato shi zuwa ƙwayar ido. Ɗan filin nan mai launi da na gani ke nan. Shi na ba shi suna magudanar haske, ban jin za a yi gardama a kai. Shi kuma iri na uku yana da ƙarin aiki: kyamarori suna kallon ɗaki suna zana taswirarsa, ga ma'aunin motsi irin wanda ke juya allon salula in ka kwantar da ita, su haɗu su gaya wa na'urar inda kanka yake a kowane ƙiftawar ido. In ta yi jinkiri ko kaɗan, hoton ya zame daga gurbinsa, mutum ya fara jin jiri. Wannan lissafi shi ke cin batir yana kawo zafi. Spectacles na kamfanin Snap na 2024 minti 45 yake yi a caji ɗaya. Ku auna wannan da ranar Afrilu a Maraɗi, ga zafi, ga hasken da sai majigin ya yi da gaske kafin a ga rubutunsa, ga kuran da ke zuwa yana tafiya.

To sunaye. Na fara da waɗanda na ƙi.

Tabarau mai wayo: na ga wasu na rubuta shi. Bahaushe in ya ce wane mai wayo ne, rabin yabo ne rabin gargaɗi, ka riƙe aljihunka. Kuma bai faɗi abin da tabaran ke yi ba.

Ƙarin gaskiya, ko gaskiyar da aka ƙara: wannan shi ya fi ɓata mini rai, don fassarar riyalite ogmante ce ta kalma da kalma wadda ta kife ma'ana. A wurinmu gaskiya ɗaya ce, wanda ya yi mata ƙari ya sa gishiri, ƙarya ya yi. Ka ce wa tsohuwa ka sayo na'urar ƙara gaskiya, za ta ce Allah ya shirye ka. Abin da Bature ke nufi a nan zahiri ne, abin da ido ke gani, ba gaskiyar da ake rantsuwa a kanta ba.

Madubin duba da gani-har-hanji kuwa, na farko ya kai mu wurin boka, na biyu zai sa mata su tsorata da duk mai tabarau, alhali na'urar ba ta ganin abin da ke bayan tufa.

Ga nawa. Iri na biyu mu ce majigin ido. Majigi tsohuwar kalma ce, iyayenmu sun san ta tun ana kafa farin ƙyalle a fili ana haska hoto, kuma da gaske majigi ne a ciki.

Fasahar iri na uku kuwa, ɗorin gani. Tabaran ya zama tabarau mai ɗori. Ban zaɓe ta don ɗora abu kan abu kawai ba. Shekarun baya ƙanena ya faɗo daga babur ya karye a hannu, muka kai shi wurin wani tsoho maɗori a bayan gari. Na tsaya ina riƙe da kafaɗarsa. Tsohon ya daɗe yana shafa wurin da yatsu, idonsa a rufe, bai ja ba sai da ya gane inda bakin ƙashi yake, sannan ya haɗa baki da baki ya jera karan ɗori ya ɗaure. Ya ce mana, in ya goce da ƙwayar gero ɗaya, haka hannun zai warke a karkace. Wannan shi ne sharaɗin Azuma na uku, da Hausa. Ɗori ba jibgawa ba ne, haɗa biyu ne su zauna daidai kuma kada su motsa. Ban san wata kalma tamu da ta ɗauki ƙari da daidaito a lokaci guda kamarta ba.

Na dawo bayan la'asar, na karanta amsoshinku, na gode ƙwarai.

Malamina na makarantar dare, Allah ya ƙara maka lafiya, shawararka ta hashiya ta tsaya mini a rai. Ka ce duniya ita ce matani, abin da tabarau ke rubutawa a gefenta shi ne hashiya, kamar yadda ake yi a gefen littattafan fiƙihu. Wallahi ma'anar ta yi kyau, har ta fi tawa zurfi ta wani gefen, don tana tuna wa mutum cewa matani ne asali. Inda na tsaya, Malam, in na ce wa yaran rumfata tabarau mai hashiya, sai na sake yi musu fassara. Kuma hashiya a gefe take zama, shi kuwa wannan a kan abin yake hawa. Amma rubutun da majigin ido ke nunawa a gefe, kamar fassarar maganar mai magana da wani harshe, ban ga abin da ya dace da shi kamar hashiya ba. Mu ajiye ta a nan.

Yayata da ke koyarwa a Zariya ta ce in an ce tabarau mai ɗori, mutane za su zaci karyayye ne aka ɗaure da zare. Yaya, kin yi gaskiya, ban hango wannan ba. To mu bar cewa tabarau mai ɗori, mu ce tabaran ɗorin gani. Ya ɗan yi tsawo, amma jirgi mai saukar ungulu ma bai gajarta ba, kuma baki zai sassaƙe shi da kansa.

Wani ɗalibi daga jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kolodo ya tambaya, to wanda ke rufe ido gaba ɗaya ya kai ka wata duniya fa? Ƙanena, wannan ba ɗori ba ne, don babu abin da aka ɗora wa. Musanya ce. Na so in ce sauyin gani, amma zan bar shi sai mun zauna kansa daban, don akwai masu rikitarwa kamar Vision Pro na Apple na 2024, wanda ke rufe ido amma ya nuna maka ɗakinka ta kyamara. Shi ɗori yake yi, sai dai a kan hoton ɗakin, ba a kan ɗakin ba.

Masu cewa a bar kowa ya ce linet kawai, wato tabarau da Faransanci, na ji ku, kuma wataƙila a kasuwa hakan za ta faru. Ga dalilin da ya hana ni yarda. Linet ba ta gaya wa matar gida cewa baƙon da ya shigo zaure yana ɗauke da kyamara a fuska ba. Ɗan hasken da ke kunnuwa in ana ɗauka ƙarami ne, da rana da wuya a lura da shi. A 2024 wasu ɗalibai biyu a jami'ar Harvard ta Amurka sun nuna cewa za a iya haɗa tabaran Meta da manhajar gane fuska a samo sunan mutumin da aka wuce a hanya. Garinmu gari ne na kunya da shamaki, gidan biki da gidan suna akwai inda namiji ba ya leƙawa. In sunan ya bambance mai kyamara da maras ita, mai gida zai iya cewa a cire wancan a ƙofa, kowa ya gane abin da yake nufi.

Na gwada su a baki yadda mai karanta labarai zai faɗa. "Kamfanin ya fito da sabon majigin ido mai fassara magana." "Makanikai na koyon gyaran inji da tabaran ɗorin gani." "An hana shiga ɗakin jarrabawa da tabarau mai kyamara." Ban ji inda harshe ya yi tuntuɓe ba. Ƴan rediyo, ku gwada a shirinku na kimiyya ku gaya mana abin da masu bugo waya suka ce, musamman na ƙauyuka, Madarunfa da Tibiri da Gidan Rumji, don in sun gane ba tare da bayani ba, sunan ya zauna.

Na Alhaji kuwa ba wata babbar cuta ba ce, ƙura ce ta toshe ƴan ƙarafan da ke taɓa caja. Na goge su, ya cika. Da ya zo karɓa na rubuta masa a takarda: gyaran majigin ido, ɗaya. Ya karanta, ya maimaita sau biyu, ya ce yana da guda goma da za su iso da kayansa, kuma da wannan suna zai sa yaransa su yi tallarsu.