A taimaka min, jerin ƙwayoyin ratina ya ƙi zama a kaina

Rabi, Aboabo: Salamu alaikum. Ina karatun lafiyar ido a KNUST, jami'ar Kumasi, Litinin muna da jarrabawa kan yadda ratina, wato tantanin bayan ido mai karɓar haske, take ginuwa tun jariri yana ciki. An ce ƙwayoyin jijiya iri 6 da ƙwayar Mula mai tallafa musu duk tsatsonsu ɗaya. To me ke raba su? Jiya a trotro tun daga Tech nake bitar jerin, ina sauka ya gudu.

Yaya Sani, Asawase: Ƙanwata, bar hadda, ɗauke su kamar 'yan ɗaki ɗaya. Ɗan fari gangiliyan ne, shi ne mai kai saƙo ƙwaƙwalwa. Sai horizanta da kon (mai ganin launi) da amakirin. Can baya rod (mai gani a ƙarancin haske) da baifola su zo, Mula ce auta. Uwar, wato ƙwayar da ke haifar su duka, ita ce ke sauyawa da lokaci: abin da za ta iya haifa da farko, daga baya ba ta iyawa.

Hajiya Mariya, Nima: 'Yata, misalin Sani ya yi, amma kar ki rubuta wai sai wani ya gama wani ke farawa, nan ake zubar da maki. Lokutan suna shiga juna. Ana cikin haihuwar amakirin rod sun soma fitowa. Kuma ki riƙe hujjar: a 1987 Turner da Cepko suka sa wa ƙwaya uwa alama da ƙwayar cuta ta bairos a idon jaririn ɓera, sai ga rod da baifola da Mula a zuriya guda. Kan abin da ke raba su kuwa, jin (gene, wato ƙwayar gado) biyu sun ishe ki, Atoh7 da Nrl. In babu Atoh7, gangiliyan kusan ba sa samuwa. In aka cire Nrl, waɗanda za su zama rod sai su koma kamar kon. Ni wannan na biyun ya fi burge ni.

Awudu: Ni tela ne, ban gane komai ba, amma Allah ya ba da sa'a.

Rabi: Amin Baba Awudu. Hajiya na gode, wallahi da jere zan zuba su kamar layin famfo. Yaya Sani, horizanta ce gaba ko kon?

Yaya Sani: Kusan tagwaye ne. Zana layuka bakwai masu hawa kan juna, ki turo in duba bayan isha'i.