Tambaya: me ke cinye duwatsun kabari a cocin Whitby?

Ɗalibar_Zane: Assalamu alaikum malamai. An ba mu aiki a kan cocin St Mary da ke Whitby a Ingila, mai matakala 199 daga bakin tashar jiragen ruwa. A hotuna ginin yana tsaye ƙyam tun wajen 1110, amma rubutun duwatsun maƙabartarsa ya shafe, wasu sun yi ramuka. Tsufa ne kawai?

Injiniyan_Gwale: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Gishiri ne da ruwa. Cocin yana kan tsauni, iskar Tekun Arewa tana watsa masa feshi. Yawancin duwatsun na yashi ne, suna shan ruwa. Ruwan ya shiga da gishiri, ya bushe, gishirin ya yi ƙwaya a cikin ƙananan kofofin dutsen, ya tura ya fasa. Ga sanyi kuma, ruwan ciki ya daskare ya kumbura. Dutsen kabari siriri ne, gaba da baya duk a waje, gindinsa yana tsotsar danshi. Bango kuwa yana da kauri da rufi, kuma ana gyara shi. Ki lura ma ba duka ginin ne na 1110 ba, cikinsa, har da mumbarin nan mai hawa uku, yawanci aikin ƙarni na 18 ne.

Sarkin_Aiki: Injiniya, ranka ya daɗe, ka manta da ƙarfe. Kaburburan da aka yi kamar akwati, da ƙugiyar ƙarfe ake haɗa allunan. Da ta yi tsatsa sai ta kumbura ta tsage kusurwa, za ki ga jan zane yana gangarowa daga wurin. Maganinsa a cire ta a sa ƙarfen da ba ya tsatsa.

Amma babbar ɓarnar ta masu gyara da siminti ce. Siminti ya fi dutsen yashi ƙarfi, ba ya barin danshi ya fita, sai ruwan ya bi ta jikin dutsen, dutsen ya zagwanye, simintin yana nan a turo. Mun san wannan a cikin birni: a yi wa katangar tubali fulasta, bayan 'yan damuna ta ɓamɓaro da ƙasar gaba ɗaya. Shi ya sa magabata suka tsaya ga makuba da laso. A can Ingila farar ƙasar gini ake kwaɓawa, awo 1 da yashi mai kaifi awo 3. A ƙwaƙule tsohon haɗin da ke tsakanin duwatsun, zurfin ya ninka faɗinsa biyu, a jiƙa, a cusa, a rufe da jiƙaƙƙen buhu na 'yan kwanaki. In ya bushe da sauri tsagewa zai yi.

Malama_Tarihi: 'Yata, in rubutun kike so ki karanta, kada burushin waya ko bilic su taɓa dutsen. Ruwa zalla da burushi mai laushi, wanda yake ɓarewa kuma a ƙyale shi. A haska tocila daga gefe da dare, inuwa za ta fito da haruffan. Na mabul mai haruffan dalma ya fi sauƙi: da farko daidai suke da fuskar dutsen, yadda dalmar ta turo shi ne abin da dutsen ya rasa. Ki kuma sa zaizaya a rahotonki, a 2012 gefen tsaunin ya zabtare bayan ruwan sama, har ƙasusuwa suka fito aka sake binne su.