Kilo 5 kawai nake so in rage, amma Mama ta ce ramewa ba lafiya ba ce

'Yar Unguwar Rogo:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema, kuma waɗanda suka san abin nake so su amsa min, ba masu tallan magani ba.

Shekarata 24, a Jos nake. Lokacin da na gama bautar ƙasa nauyina kilo 63 ne, yanzu shekara ɗaya da 'yan watanni kenan da na fara aiki a wani shagon POS wajen Terminus, ran Asabar na hau sikeli a kemis ɗin layinmu na ga 69. Tsayina mita 1.62. Na san wasu za su ce kilo 6 ai ba wani abu bane, to ni dai jikina ya gaya min, ɗinkunan sallar bara duk sun matse ni a hannu da ƙugu, kuma in na hau ɗan tudun nan na hanyar gidanmu sai in ji ina haki, abin da da ban sani ba. Abin da ya fi tayar min da hankali babanmu yana da ciwon suga, gwaggona ƙanwarsa ma haka, kullum ina ganin yadda yake fama da allura da dokar abinci, wlh bana so in kai can.

Ga yadda nake yini. Da safe shayi mai kauri da madara da burodi saboda kun san sanyin garin nan, in hau keke napep zuwa shago, in zauna tun 8 har 6 ba inda nake zuwa sai sallah. Da rana masa ko awara ko soyayyen dankali da lemon roba mai sanyi, ranar da kwastomomi suka yi yawa har biyu nake sha. Dare tuwo, sannan wajen ƙarfe 10 ƙannena su ɗora indomie su ce Yaya a sa da ke, ni kuma ban iya cewa a'a ba.

Wata biyu da suka wuce na sayi shayin rage ƙiba wajen wata da ke talla a status, kwana uku ina zaryar banɗaki cikina na murɗawa har na kasa zuwa aiki rana ɗaya. Kilo 2 ya sauka, sati bai cika ba ya dawo. Na gwada barin cin abincin safe da na rana, shi ma jiri ya dinga ɗibana, da dare kuma in ci ninki biyu.

Ga kuma Mama. Tunda ta ji maganar ta ce ke da kika fara yin kyau, mace ai da ɗan jiki, so kike mutane su ce wani ciwo ya kama ki ko ba ma ba ki abinci. Ba na son ɓata mata rai, kuma ita ke girki. Ya zan yi in rage kilo 5 ba tare da na wahalar da kaina ba, kuma wata nawa zai ɗauka?

Anti Nas:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekara 14 ina aikin, kuma kafin komai ina roƙonki in akwai sauran shayin nan a gida ki zubar da shi yau. Yawancin irinsu ganyen filasko ne a ciki ko danginsa, wanda kakanninmu ke ba mutum in cikinsa ya ɗaure. Aikinsa sa zawo. Kilo 2 ɗin da kika gani ruwa ne da abin da ke hanjinki ya fita, kitse ko ɗigo bai taɓu ba, shi ya sa kina komawa cin abinci da shan ruwa ya dawo. Wanda ya daɗe yana sha kuwa gishirin jikinsa na raguwa, musamman potasiyam wanda zuciya ke aiki da shi, hanji kuma ya saba sai da shi zai yi motsi. Ko kin ga lambar NAFDAC a jiki, ba shi ke nufin yana ƙona kitse ba, balle wanda aka ƙulla a leda ba suna ba komai.

Yanzu lissafinki. Akwai awon da muke cewa BMI, a raba nauyi da tsayi sau tsayi. Naki 69 a raba da 1.62 sau 1.62, ya ba da 26 da ɗan ɗoriya. Daga 18.5 zuwa 24.9 shi ne daidai, 25 zuwa 29.9 nauyi ya ɗan haura, daga 30 ne ake kiran mutum mai ƙiba ta cuta. Kinga ke a bakin layi kike, in kika dawo 64 kin koma 24 da ɗan wani abu, shikenan. Kilo 5 ɗin da kika ce daidai ne, kar ki ƙara ko ɗaya a kai don wata ta ce ki koma 55. Kuma ga mai tarihin suga a gida irinki, rage kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari na nauyi tare da motsa jiki yana rage haɗarin kamuwa sosai, wannan an tabbatar da shi.

Inda zan fara da ni ce ke, lemon robar nan. Na 50cl yawancinsu sukarin ciki ya kai giram 50, ki juya robar ki karanta da kanki, wato cokalin shayi 12 kenan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da babba zai sha a yini kar ya wuce wajen cokali 12 ɗin nan, in so samu ne ma 6. To ke roba ɗaya ta cinye kason yinin gaba ɗaya, ba a lissafa na shayin safe da madara ba. Giram 50 na sukari kalori 200 ne, a wata 6,000, kilo ɗaya na kitse kuma wajen kalori 7,700 ne. Jiki ba ya bin lissafi tiryan-tiryan kamar kalkuleta, amma dai kin ga inda kilo 6 ɗinki ya fito. Kuma lemo ba ya ƙosarwa, kin sha kin kuma ci abincinki cif. Maltina da zoɓo da kunun zaƙin da aka zabga wa sukari duk jirgi ɗaya ne ya kwaso su, kar ki bar wannan ki koma wancan ki ce kin canza.

Na biyu mai. Cokali ɗaya na cin abinci na man gyaɗa ko manja kalori 120 ne, ki tuna yadda awara da dankali ke iyo a kasko. Ba cewa na yi ki daina har abada ba, ki mayar da su sau biyu a sati. Na uku indomie ɗin ƙarfe 10 bayan kin riga kin ci tuwo, wannan abinci na huɗu ne, ki bar wa yara.

Kar ki sake tsallake abinci, kin riga kin ga sakamakon. Abin da ake so rabin kilo a sati, in ya yi yawa kilo ɗaya. Ki sa wata 3 a ranki. Ki dinga hawa sikeli sau ɗaya a sati, sikeli guda, da safe, kuma in al'ada ta kusa za ki iya ganin ƙarin kilo 1 ko fiye, ruwa ne, kar ya karya miki gwiwa. Ki ari tef ɗin tela ki auna ƙugunki saman cibiya kaɗan, ana so kar ya kai rabin tsayinki, ke naki ƙasa da santimita 81. Sannan ki je a gwada miki suga da safe kafin ki ci komai, ki san inda kike.

Ɗan Bukuru:

'Yar uwa duk abin da Anti ta faɗa haka yake, ni shaida ne. Ni namiji ne shekara 27, gyaran waya nake, zama ne aikina kamar ke. Tumbi ya fito min har abokai suna cewa kuɗi sun zauna, ni kuma na san teburin mai shayi ne, kullum bayan isha'i indomie biyu da ƙwai uku da shayi haɗin kauri. Na yi wata biyu ina motsa jikin ciki da safe a ɗaki wai tumbin ya koma, ko gezau, sai daga baya na gane ba a zaɓar inda kitse zai bari, in zai tafi daga ko'ina yake tafiya kuma na cikin shi ya fi taurin kai.

Abin da ya yi min aiki tafiya ce. Na daina hawa keke in zan koma gida, minti 40 da sauri har in ji gumi duk sanyin nan, kwana biyar a sati. Masana cewa suke minti 150 a sati shi ne mafi ƙaranci, kinga na wuce. Kilo 7 na sauke a wata huɗu da rabi kuma kuɗin keken ya zauna a aljihuna. Ke tunda sai 6 na yamma kike tashi daga aiki, ki yi tafiyar da safe ya fi, gari ya waye mutane na hanya, ki bi titin da kika sani, kin dai san garin namu ba ko'ina ake ratsawa da magariba ba. In duka ya yi miki nisa ki sauka a rabin hanya. Tudun da kike haki a kai ɗin nan, ki ba shi sati uku ki gani.

Kuma mu 'yan Jos wlh ba mu da uzuri, kabeji da karas da kokwamba da koren wake a Farin Gada ake lodinsu zuwa wasu jihohi. Ga acca, ga gwate da ganye ya fi tsaki yawa. Dankalin ma ba shi da laifi in dafawa aka yi, suyar ce matsala.

Maman 'Yan Biyu:

Ni dai ƙanwata zan ce ki bi Mama a hankali, kar ki ga kamar rashin wayewa ne. Su zamaninsu wanda ya rame to ciwo ne ko baƙin ciki, sun ga masu tarin fuka, sun ga yadda aka dinga nuna mutane da baki lokacin da ƙanjamau ya yi tsanani, uwa ba za ta so a kalli 'yarta haka ba, balle budurwa da ake sa ran manema. Ni kafin bikina har sha ka fashe aka kawo min wai amarya ta ciko, na sha na sati uku fuskata ta kumbura kamar ba ni ba, har yau ina nadama. Kinga matsin ta ko'ina yake zuwa, wata a ce ta ƙara wata a ce ta rage.

Ki daina ce mata rage ƙiba kike, kalmar ce ke tsorata ta. Ki ce mata kina gudun ciwon Baba ne, wannan ba za ta musa ba tunda ita ke jinyarsa. Tuwonta ki ci, ki ce malmala ɗaya ta ishe ki a ƙara miki miya. Sannan ki dinga shan ruwan zafi da lemon tsami da safe, ance yana narkar da kitse, ni ina sha.

Anti Nas:

Maman 'Yan Biyu Allah ya saka da alheri, shawararki kan Mama ta fi duk abin da na rubuta, domin in mai girki ba ta yarda ba aikin banza ake. Sha ka fashe kuma gara da kika faɗa, yawanci dexamethasone ne, maganin asibiti ne mai ƙarfi da likita kaɗai ya kamata ya rubuta, yana tara ruwa da kitse a fuska da ciki, yana ɗaga suga da hawan jini. Wadda ta daɗe tana sha kar ta yanke lokaci ɗaya, ta je asibiti a rage mata a hankali.

Amma lemon tsami kam ba ya narkar da kitse 'yar uwa. In mutum ya sha shi a madadin shayi mai sukari cokali huɗu zai ga canji, sai dai rashin sukarin ne ya yi aikin. Mai olsa ma zai iya tayar masa, kuma yana cin haƙori in an yawaita.

Tsoron Mama ma yana da gaskiyarsa ta wani gefen. Wanda yake ramewa ba tare da ya canza komai ba, kamar kashi 5 cikin ɗari na nauyinsa a wata 6 zuwa shekara, ko da tari da ya wuce sati biyu, ko gumin dare, ko yawan fitsari da ƙishirwa, wannan asibiti zai nufa ba murna ba.

'Yar Unguwar Rogo:

Na gode ƙwarai Anti, na gode Yaya na Bukuru da Maman 'Yan Biyu, Allah ya bar zumunci. Na dawo ne in gaya muku inda ake, yau kwana 16. Shayin na zubar tun ranar. Na je gwajin suga an ce lafiya lau alhamdulillah. Na yi wa Mama maganar yadda Maman 'Yan Biyu ta ce, shiru ta yi sannan ta ce Allah ya tsare, washegari da kanta ta zuba min alale a kula in tafi da shi shago, jiya kuma kwaɗon zogale. Har yanzu dai in ta ga malmala ɗaya a kwanona sai ta tsaya ta kalle ni.

Lemo sau biyu na sha a kwanakin nan, ranar sunan 'yar maƙwabtanmu da wata rana da kaina ya yi ciwo. Tafiyar safe ina sauka a rabin hanya, minti 25. Sikeli ya nuna 68, ƙugu 83. Indomie ɗin dare ne har yanzu yake ba ni wahala saboda ƙamshin har ɗaki yake shigowa, Anti in yunwa ta taso a lokacin me zan iya ci, gyaɗa ko ayaba ɗaya ba matsala?