Famfon mai, amma wane mai? Neman sunan "oil pump" da Hausa

Jama'a, ina neman taimakon masu alƙalami da masu sifana. Mece ce Hausar "oil pump"? Ba don nishaɗi nake tambaya ba, rashin sunan nan ya ci min kuɗi a makon jiya.

Motata Carina E ce ƙirar 1996, mai injin 4A-FE, na saye ta a hannun kawuna lokacin da ya yi ritaya. Ranar Talata da tsakar rana ina cikin cunkoson Wunti, sai jar wutar nan mai siffar buta, wadda ke gargaɗin cewa ƙarfin man inji ya yi ƙasa, ta fara ƙyaftawa. In na taka totur ta ɗauke, in na ɗaga ƙafa ta dawo. Na lallaɓa na kai ta gareji. Washegari ina wurin aiki bakanike ya kira ni: "Alhaji, oyil fam ne, a nemo wani." Ban je Makka ba, amma a gareji duk mai mota Alhaji ne. Ni kuma don iyayi sai na fassara wa ƙanena, na ce ya je wajen 'yan sifiya ya sayo famfon mai na Carina E. Yaro ya faɗi abin da na ce, aka ba shi abin da ya nema. Ya dawo da famfon fetur, ɗan lantarkin nan da ke zaune cikin tanki. Mai shago kuma ya ce kayan wuta in sun fita ba sa dawowa.

Na rasa wanda zan yi wa faɗa. A bakinmu fetur mai ne, gas mai ne, na inji mai ne, na gyaɗa mai ne, na shafawa ma mai ne. Famfo shi ma haka: na ruwan gida, na tuƙa-tuƙa, na ba taya iska, da na gidan mai, wanda muke nufi in mun ce "a famfo na sha, ba wajen 'yan bumburutu ba". Ka haɗa kalma mai fuska biyar da wata mai fuska huɗu, ka tura yaro kasuwa da ita.

Ga wanda bai taɓa leƙa cikin inji ba, abin da ake nema wa suna shi ne wannan. Man yana kwance a kaskon da ke ƙarƙashin inji, wanda bakanikai ke ce wa botom filet. Wani bututu mai rariya a baki ya nutse cikin man. Famfon ne ke zuƙo shi ta rariyar, ya tura shi ta filta, ya bi ƙananan hanyoyin da aka huda a jikin inji har ya isa metal, wato shimfiɗar ƙarfen da kiranshaf (babbar sandar da fistin ke juyawa) ke juyi a kai, ya hau sama wurin kamshaf mai buɗe bawul-bawul na inji, sannan ya gangaro da kansa ya koma kasko. Muddin man na zuwa da ƙarfi, ƙarfe ba ya gogar ƙarfe, a kan siririn mai kiranshaf yake juyi. Ba batir ke juya famfon ba, injin ne da kansa. A tawa motar yana can a hancin kiranshaf, bayan fulin taimin bel (bel ɗin da ke haɗa kiranshaf da kamshaf), ƙarafa biyu ne masu haƙora, ƙarami cikin babba, ƙaramin ya gaza babban da haƙori ɗaya. To, wa ya san sunansa?

Ƙari bayan Azahar. Amsoshi sun fara shigowa, na gode.

Wata malamar makaranta daga Yelwa ta ce a kira shi zuciyar inji, tunda aikinsa harba mai kamar yadda zuciya ke harba jini. Malama, sunan ya yi daɗin baki. Har ma Hausa ta riga ta share masa fage: mutum in ya faɗi farat ɗaya sai a ce zuciyarsa ta buga, mota in mai ya yanke mata sai a ce inji ya buga. Don koyar da ɗalibi ban ga kwatancen da ya fi wannan ba. Amma ki tsaya gaban kanta ki ce a ba ki zuciyar Carina E, wani zai ɗauko miki kiranshaf, wani ya ce ai biren bos, kwamfutar mota, kike nufi, wani ya nuna miki sukutum ɗin inji. Kowa da abin da ya ɗauka zuciya.

Wani ɗalibin Hausa ya bi hanyar nahawu. Ya ce muna da awon sunan kayan aiki, irin mabuɗi, makulli, madubi, ma'auni, don haka a ce mazuƙin mai. Ƙa'idar daidai ce, sai dai zuƙa rabin aikin ne kawai, turawar ita ce babba. Da na faɗa masa haka sai ya ce to tunda kewayawa man yake yi, a ce makewayin mai. Ɗan'uwa, makewayi yana da ma'anarsa a bayan kowane gida, a bar shi inda yake.

Wani dattijo, da alama daga gidan maƙera ya fito, ya kawo zugazugin mai. Baba, Allah ya ƙara girma, kalmar ta tsaya min a rai tun da na karanta ta. Matsalarta ɗaya: zugazugi iska yake hurawa, famfon nan kuwa iska ce abokiyar gabarsa. In aka ɗaura shi a bushe, babu mai a tsakanin haƙoransa, yana iya ta juyawa bai kama man ba, inji na gudu ƙarfe na cin ƙarfe. Shi ya sa da za a ɗaura nawa na ga bakaniken ya cika shi da mai yana juya shi da hannu har man ya ɓullo ta ɗaya ɓangaren. Bayan an haɗa komai kuma bai tada motar nan take ba. Ya cire fulogogi huɗun, ya zare fiyus ɗin da ke ba famfon fetur wuta, ya yi ta murza makulli kaɗan-kaɗan har jar butar ta mutu, sannan ya mayar da su.

Yanzu ga amsar da ta fi yi min zafi, kuma ita ta fi gaskiya. Wani tsohon bakanike ya rubuto: "Malam, da ka faɗa wa yaron oyil fam kamar yadda aka faɗa maka, da kuɗinka na aljihunka. Mu ba mu taɓa ruɗewa ba." Oga, na karɓa. Ni ma ba na cikin masu ƙyamar aro. Famfo kansa aro ne, Turawa suka zo da "pump", bakinmu ya mayar da "p" ta zama "f" kamar yadda ya yi wa fensir da fasinja da faci, ya ƙara masa wasali a ƙarshe. Lagireto, kuloci, salansa, birki, totur, duk baƙi ne da suka zama 'yan gari. Amma dubi bambancin. Kana iya cewa lagireton motata, kulocinta, famfunan unguwa. Oyil fam kuwa har yau bai cire takalmi ba: ba shi da jam'i, ba ya karɓar ɗafi sai ka jingina masa "ɗin", kuma mutum uku za su rubuta shi iri uku. A waya mai ƙarancin sabis, shi da fiyul fam, wato famfon fetur, 'yan biyu ne. A gareji zai ci gaba da aiki, ba wanda zai hana. Abin da nake nema shi ne wanda za a rubuta, a faɗa a rediyo, wanda mahaifiyata za ta ji ta san ɓangaren da ake magana.

Shi wannan ogan ya ƙara da wani gyara da ya fi batun suna amfani ga mai ƙaramin aljihu, bari in kawo shi. Ya ce yawancin famfunan da ake canzawa lafiyarsu ƙalau. Famfo tura mai kawai yake yi, matsin kuwa daga ƙuncin hanya yake fitowa, kamar ka toshe bakin tiyo da babban yatsa ruwa ya yi tsiri. In metal ya cinye, hanya ta yi faɗi, man zai riƙa zurarewa, ko sabon famfo dal ka ɗaura jar wutar za ta dawo da zarar inji ya yi zafi.

Nawa bakaniken, Allah ya saka masa, ta wannan hanyar ya bi kafin ya kira ni. Ya fara da duba yawan man da sandar awo. Sai ya kwance ɗan suwic ɗin da ke kunna wutar, don shi kansa yana lalacewa ya yi ta ƙarya, kuma kuɗinsa bai kai na galan ɗin mai ba. A gurbinsa ya ɗaura agogon awon matsi, ya bar inji ya yi zafi sosai. Abin da Toyota ta gindaya wa wannan injin shi ne kada matsin ya gaza 0.3 a ma'aunin "bar" in mota na tsaye tana aiki, a juyi 3,000 a minti kuma ya kasance tsakanin 2.5 da 5. Tawa allurar da ƙyar take ɗagawa a tsaye, da aka taka ma ba ta kai ko'ina ba. Sai aka sauke kasko.

Abin da na gani a rariyar nan ya ba ni kunya. Baƙin dagwalo kamar kwalta, ga zare-zaren jan gam sun manne a ragar kamar taliya. Wani can baya ya lafta gam lokacin da yake rufe kaskon, rarar ta matso ciki, ta yanke, rariya ta haɗiye. Dagwalon kuwa nawa ne, ni ne mai jan juye har sai albashi ya shigo. Aka wanke da fetur da tsohon buroshin haƙori. Aka kwance metal biyu aka duba, ba su kai ga nuna jan ƙarfe ba, nan na yi ajiyar zuciya. Famfon ne da aka buɗe murfinsa aka ga zane-zane masu zurfi da farce ke kamawa.

Wajen saye iya kuɗinka iya shagalinka. Sabo na asali sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano, kuma farashin da aka faɗa min ya fi ƙarfina. Akwai sabo mai kwali mai ƙyalli da araha, bakanike ya juya shi a hannu ya ajiye bai ce komai ba. Muka tsaya a kan na Beljiyam, da sharaɗin a kwance murfin a gaban mai shago a ga haƙoran, a gwada ɗan bawul ɗin da ke rage matsi a tabbatar bai maƙale ba. Inda ban yarda a yi tsimi ba shi ne sabon sil na gaban kiranshaf, sabuwar filta, da sabon mai. Taimin bel ma na canza, tunda dole a cire shi kafin a kai ga famfon, kuma kuɗin aiki sau biyu ya fi kuɗin bel. Masu Golf 3 mai injin 1.8, irin waɗanda ke jigila a hanyar Alkaleri zuwa Gombe, sun fi mu sauƙi a nan, nasu famfon yana cikin kasko, ana saukewa ga shi nan. Wanda kuma aka ba shi shawarar ya zuba mai kauri ko ya zare wayar suwic don wutar ta daina damunsa, ya tambayi farashin injin Beljiyam tukuna.

Mu koma kan suna, don direbobi sun shigo da yawa bayan La'asar kuma kusan bakinsu ɗaya: famfon baƙin mai. Wannan yana da ƙarfi, domin haka ake cewa a tasha, "duba baƙin mai kafin ka ɗau hanya". Na kusa sallamawa. Abu biyu suka tsayar da ni. Na ɗaya, rabin waɗanda suka kawo shi sun rubuta "bakin mai" ba lanƙwasa, wanda a ido bakin da ake zuba mai ne, mun koma gidan jiya. Na biyu, baƙin mai yana kuma nufin tsohon da aka juye, wanda ake shafa wa katako saboda gara. Wani ya ce to famfon juye, tunda muna cewa man juye. Amma juye aikin canza man ne, mai ji zai zaci wani abin zuƙe tsohon mai ake nufi.

Wadda ta warware min ita ce wata baiwar Allah da ta ce mijinta direban tirela ne, kuma ba ta kawo sabuwar kalma ba. Ta ce ku dubi yadda muke kiran sauran: man birki, man giya, man sitiyari. Kowane mai da sunan gidan da yake aiki. Na inji kuwa man inji. Hajiya, kin gama magana. In an bi wannan, famfunan mota sun jeru ba mai shiga gonar wani: famfon fetur, famfon ruwa, famfon man sitiyari, famfon man inji. Babu harafi mai lanƙwasa da waya za ta cinye, jam'insa famfunan man inji, kuma mutumin Bauchi da ke cewa "motan" da Bakano mai cewa "motar" duk iri ɗaya za su faɗe shi, tunda famfo da mai duk maza ne. Ya ɗan yi tsawo, na sani. Tsawon nan ne ya raba shi da abin da ƙanena ya sayo.

Ni dai daga yau famfon man inji zan riƙa rubutawa, ragar bakin bututun kuma rariyar man inji, botom filet kuma kaskon inji. Ɗan bawul ɗin rage matsi ne har yanzu ba shi da suna, mai shawara ya kawo.

Da na je ɗaukar motar da yamma na gwada sabon sunan a kan bakanike. Ya goge hannu da tsumma ya ce, "Alhaji, wato oyil fam." Yaronsa dai ya maimaita sau biyu yana dariya. Na bi ta Wunti da gangan, na tsaya a cunkoson, butar ba ta ƙyafta ba.

Famfon fetur na Carina E yana nan a kwalinsa a kan firij ɗinmu, ba a taɓa ɗaura shi ba. Mai buƙata ya yi magana, zan rage masa.