Wane suna za mu ba wa “phrasal verb” da Hausa?

'Yan'uwa malamai da ɗalibai, tambayar da aka jefo mana ita ce yadda za a kira abin da masu nahawun Turanci suke cewa “phrasal verb” idan ana bayaninsa da Hausa. Tambaya ce da ta cancanci a zauna a kanta, domin abu ne da yake yawan fitowa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB, kuma malamin da yake son ɗalibansa su gane dole ne ya koma Hausa a tsakiyar darasi, inda sai ya tarar ba shi da sunan da zai kama abin da shi.

Abin da ake magana a kai shi ne aikatau gajere, galibi mai gaɓa ɗaya, irin su “give” da “put” da “take”, wanda wata 'yar ƙaramar kalma kamar “up” ko “off” ko “out” take biyo bayansa, sai su biyun su haifar da ma'anar da babu ita a jikin ko ɗaya daga cikinsu. Yaron da ya san “give” bayarwa ce, ya kuma san “up” sama ce, ba zai taɓa hasashen cewa “give up” haƙura da abu ne ko saduda ba. Haka “put off” ɗage lokaci ne, “put out” kashe wuta ne, “put up with” kuwa jure wa abin da ba a so ne, alhali aikatau ɗaya ne a cikinsu duka.

Su kansu masu harshen sun daɗe ba su raɗa masa suna ba. Samuel Johnson ya yi maganarsa a gabatarwar ƙamusunsa na 1755, inda ya ce wannan haɗi shi ne yake ba wa baƙi wahala mafi girma, amma sai a 1925 sunan “phrasal verb” ya bazu ta hannun Logan Pearsall Smith, wanda ya ce Henry Bradley, ɗaya daga cikin editocin babban ƙamusun Oxford, shi ne ya ba shi shawarar sunan, kuma Bradley ɗin bai gamsu da shi ba. Saboda haka babu dalilin da zai sa mu ɗaure kanmu da fassara sunan da mai shi ma yake ɗari-ɗari da shi.

Wannan ya kawo mu ga shawara ta farko da aka bayar, wato a ce “aikatau na yankin jimla” ko “yankin aikatau”. Wannan fassara ce ta kai tsaye, kuma matsalarta ita ce gurbin yana da mai shi. Duk wanda ya karanta ginin jimlar Hausa ya san ana raba jimla zuwa yankin suna da yankin aikatau, kuma yankin aikatau ya ƙunshi aikatau da karɓau, wato abin da aikin ya faɗa a kansa, da bayanau da duk abin da ya rataya a kansu. Idan muka ɗora wa wannan suna kaya na biyu, ɗalibin da yake ɗaukar Hausa da Turanci a zango ɗaya shi ne zai kwana a ciki.

Shawara ta biyu ta fi ƙarfi, kuma na ga mutane da yawa sun karkata gare ta: “harɗaɗɗen aikatau”, bisa misalin harɗaɗɗen suna. Hujjarsu ita ce “farar hula” ba hula ba ce, kuma “ɗan sanda” ba ɗan da sanda ta haifa ba ne, don haka ga kalmomi biyu masu ma'ana ɗaya. Hujja ce mai kyau ta fuskar ma'ana, sai dai ta faɗi ta fuskar gini. Harɗaɗɗen suna ba ya yarda a ratsa tsakiyarsa, shi kuwa abin da muke nema wa suna babbar ɗabi'arsa ita ce rabuwa. Bature yana cewa “turn off the light”, yana kuma cewa “turn the light off”, idan kuma karɓau ɗin wakilin suna ne, to tilas ne ya shiga tsakani, a ce “turn it off”, domin “turn off it” kuskure ne. Ban da haka, Turanci yana da nasa harɗaɗɗun aikatau na gaskiya, irin su “overtake” da “upset”, waɗanda ma'anarsu ta sha bamban da “take over” da “set up”. Idan muka kashe sunan a nan, me za mu kira waɗancan?

Wani ya ce a kira shi “aikatau mai ɗan rakiya”. Sunan yana da daɗi a baki, amma Bahaushe idan ya ce wane ɗan rakiya ne, yana nufin ba da shi ake yi ba, ita kuwa wannan 'yar kalma sau da yawa ita ce take riƙe da nauyin ma'anar. Shaida a kan haka tana bakin mutanenmu, domin a Turancin Nijeriya har an kori aikatau ɗin gaba ɗaya, ana cewa “off the light” da “on the fan”, kuma kowa yana ganewa. “Aikatau mai jela” ma an ambata, ina jin cikin raha, amma jela ba ta barin jikin mai ita.

Abin da nake ganin ya fi dacewa shi ne “aikatau mai goyo”, jam'insa “aikatau masu goyo”, ita kuma 'yar kalmar a kira ta “goyo”. Ba daga sama na ɗauko shi ba. Masu koyar da ƙa'idojin rubutun Hausa sun riga sun saba da baƙaƙe masu goyo, irin su kw da gy da ƙw, inda baƙi yake ɗauke da wani a bayansa, a furta su a matsayin sauti guda. Nahawun Hausa ma daman da jikin mutum da zaman gida yake raɗa sunaye: ɗafa-goshi da ɗafa-ciki da ɗafa-ƙeya, ga kuma tagwan wasali. Sabon sunan zai shiga cikin danginsa ba tare da an tambaye shi daga ina yake ba. Kuma ya kama siffofi uku na abin: goyo a baya yake, ya fi mai goyon ƙanƙanta, sannan ana iya sauke shi a ajiye can gefe ba tare da ya daina zama ɗan uwarsa ba, kamar yadda “off” take komawa ƙarshe a “turn the light off”.

Wani dattijon malami ya yi gyara da cewa ba kowane goyo ake saukewa ba, tunda “look after”, wato kula da wani, ba ya rabuwa ko da wakilin suna ne ya zo, sai dai a ce “look after him”. Allah ya gafarta Malam, gaskiya ne, kuma masu nahawun Turanci da yawa suna ware irin wannan a matsayin aji na daban. Amma maganinsa yana hannunmu, domin tunda muna da aikatau so-karɓau da aikatau ƙi-karɓau, babu abin da zai hana mu ce mai goyo so-rabuwa da mai goyo ƙi-rabuwa. Su kuwa “put up with” da “look forward to” sai a ce masu goyo biyu.

Sunan kuma yana aiki a wajen Turanci, wanda shi ne gwajin da na fi damuwa da shi. A Jamusanci “aufgeben” daidai yake da “give up” gaɓa da gaɓa, kuma a cikin jimla goyon yana sauka ya tafi ƙarshe, a ce “ich gebe auf”. Faransanci ba shi da wannan tsari, kalma ɗaya yake amfani da ita, kamar “abandonner”, shi ya sa malaman Turanci a Damagaram da Maraɗi suke kiran abin “verbe à particule”, sunan da ya dubi 'yar kalmar kamar yadda namu ya dube ta. Wanda ya yi karatun zaure kuwa ya san abin tun kafin ya ji Turanci: a Larabci “ragiba fi” so ne da kwaɗayi, “ragiba an” kuwa ƙi ne da juya baya, haka “da'a lahu” addu'ar alheri ce, “da'a alaihi” kuma ta sharri. Harafi ɗaya ya juya ma'anar, kuma wannan ya yi kama da ajin ƙi-rabuwa.

Inda nake so a yi hattara shi ne kada a ɗauki sunan a fara farautar aikatau masu goyo a cikin Hausa ko ta halin ƙaƙa. Akwai 'yan kaɗan da suka yi kusa, kamar “ci gaba” da “tafi da” da “rabu da”, amma yawancin aikin da goyo yake yi a Turanci, Hausa a cikin jikin aikatau take yin sa, ta hanyar giredi bakwai, wato rukunonin sigar aikatau, da masanin Hausa F. W. Parsons ya tsara a 1960. Inda Bature ya ce “drink up” da “eat up”, mu shanye da cinye muke cewa. Inda ya ce “come out” yana nufin a nufo wajen mai magana, a rubuce wasalin ƙarshe kawai muke canjawa, fita ta koma fito. Inda ya ce “throw away” da “pour out”, muna da jefar da, da zubar da. Wannan shi ne darasin da ya fi amfani ga ɗalibi, domin da zarar ya gane cewa “up” ɗin “drink up” ita ce “nye” ɗin shanye, zai daina neman sama a cikin kofin shayi.

Su kuwa “ci amana” da “sha kunu” da “ja kunne” da “sa baki”, ba masu goyo ba ne, domin abin da ya biyo bayan aikatau cikakken suna ne. Waɗannan su ne takwarorin abin da ake kira “idiom”, irin “kick the bucket” da yake nufin mutuwa, wanda mu za mu ce ya riga mu gidan gaskiya idan muna girmamawa, ko ya sheƙa barzahu idan ba ma yi. Ina roƙon a daina fassara “idiom” da karin magana, domin karin magana zance ne cikakke mai tsayuwa da ƙafarsa, “sha kunu” kuwa sai an saka shi cikin jimla, an ba shi aikau da lokaci. Adon magana da wasu suke cewa ya fi kusa, ko da yake ya yi faɗi, tunda kamance da siffantawa ma ado ne. Ni na fi karkata ga “dunƙulalliyar magana”, saboda ma'anarta a dunƙule ake ɗaukarta ba a warware ba, amma wannan yana buƙatar nasa zaman.

Wanda yake shakkar “aikatau mai goyo” ya gwada shi gobe a allo da umarni irin wannan: a cikin jimlolin nan, ja layi ƙarƙashin kowane aikatau mai goyo, ka kewaye goyonsa, sannan ka faɗi ko so-rabuwa ne ko ƙi-rabuwa. Jimla ta farko ta zama “She called the meeting off”, inda goyon ya yi nisa da uwarsa da kalmomi biyu, a ga ɗalibai nawa ne za su gano shi.