Abin da aka ce kan sayen babbar monita

Jiya a majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura wani ƙaninmu mai haɗa bidiyon biki ya ce zai sayi babbar monita mai faɗi, sai shawara ta yi ta zuwa, ga abin da na tsinta.

Yawanci sun tsaya kan inci 34 mai 3440x1440 (wato yawan ɗigon hoton allon, a faɗi da tsayi), wai kar ya yarda a liƙa masa mai 2560x1080 don arha, a wannan girman rubutu dishi-dishi yake fitowa, ido ya gaji. Masu zanen kati da fosta suka nace sai mai nau'in allon da ake kira IPS, don kalarta ba ta canzawa ko ta gefe ka kalla, mai nau'in VA kam baƙinta ya fi kyau amma ta fi dacewa da kallon fim. Ni dai ina bayan masu cewa IPS.

Mai lanƙwasa kuwa gardama aka yi ta yi, wasu na cewa tana karkatar da layi, har aka tashi ba a daidaita ba.

Wani yayanmu ya shawarci ƙanin namu da ya fara duba ko laftop ɗinsa zai iya ɗaukarta ta HDMI ko DisplayPort (wato kafofin da ake jona wayar monita), ya auna teburinsa, sannan kafin ya biya a kunna ta a shago, a buɗe farin shafi a nemi mataccen ɗigo, wato ɗan baƙin ɗigon da ba ya haske a allon. Sitabilaiza kuma dole, kun san halin wutarmu.