Taƙaitawa: sauraron fiyanon jaz na ƙirƙira nan take

'Yan uwa na Maraɗi, ga abin da na tsinta daga muhawararmu kan yadda sabon shiga zai saurari fiyanon jaz (salon kiɗa da ya samo asali a Amurka) wanda makaɗi ke ƙirƙira nan take:

1. Kusan kowa ya yarda kada sabon shiga ya fara da makaɗin fiyano Cecil Taylor. A fara da wasu makaɗan fiyanon: Thelonious Monk, sannan wasan da Keith Jarrett ya yi a birnin Kolon na Jamus, 1975.

2. Kada a jira amshi, babu shi.

3. A saurara da dare bayan fada ta watse. Ƙarar kabu-kabu na cinye ƙananan sautuka.

4. Nan aka rabu. Wasu sun ce kiɗan Taylor hayaniya ce kawai. Wasu sun ce a ji shi kamar makaɗin kalangu, fiyanon ganguna ne a hannunsa. Ni ina bayan na biyun, ko da yake sai a sauraro na uku kunnena ya kama.